Tiyatar Manomi: Me Ya Sa Sai Fitsari Ya Tsaya Muke Zagayawa Da Faranti?

Duk wanda ya saba yin sallar Juma'a a Babban Masallacin Kumasi, ko a masallatan Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ya san sanarwar nan da kan biyo bayan sallama: ga wani bawan Allah can kwance a asibiti, likitoci sun ce sai an yi masa aiki, jama'a a taimaka don Allah. Mu da muke aiki a gidajen rediyon al'umma kuwa, da ƙyar wata ke fita ba a kawo mana irin wannan takarda ba domin mu karanta wa masu saurare. Idan aka bi diddigi, da yawa daga cikin dattawan da ake nema wa taimakon ciwonsu ɗaya ne, sai dai ba a son ambatarsa a bainar jama'a. Akan ce "ciwon ciki" ko "larurar manya", alhali kuwa fitsari ne ya tsaya.

A watannin baya wani matashi mai dakon kaya a kasuwa ya same mu da takardun mahaifinsa, manomin masara a wani ƙauye da ke yankin Ejura, mai shekara 66. Wata takwas ke nan dattijon yana ɗauke da robar fitsari, da jakarta a ƙarƙashin riga. Ya daina zuwa jam'i saboda kunya da shakkar tsarki, gona kuma ciyawa ta cinye ta. Mun yi sanarwa, 'yan kasuwa sun yi abin da suka saba, an yi aikin, kuma Allah cikin ikonSa dattijon ya koma gida da ƙafarsa. To amma da muka zauna da yaron muka duba takardun ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga ciwon ya kai shekara huɗu yana ba da alama, katin inshorar lafiyarsa ya mutu tun tuni, kuma kafin a zo gare mu an riga an sayar da awaki da babur, an ci bashi a kan amfanin gonar da ba a ma shuka ba.

Wannan shi ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Mutanen Zango ba su da rowa, kowa ya shaida. Matsalarmu ita ce taimakon namu kan zo a ƙurarren lokaci, sa'ad da ciwo ya fi tsada, majinyaci ya fi rauni, gida kuma ya riga ya tsiyace.

Bari mu fara da ciwon kansa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira furostet, wadda girmanta bai wuce na goro ɗaya ba, nauyinta kamar giram 20. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. Idan shekaru suka ja sai tsokar ta riƙa girma, ta matse hanyar kamar yadda mutum zai taka tiyon ruwa. Masana sun ce kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa abin yakan kai tara cikin goma. A nan Ghana ma an yi bincike a Accra tsakanin 2004 da 2006 a kan maza kimanin 1,000 'yan shekara 50 zuwa 74, inda aka samu kusan shida cikin goma tsokar tasu ta kumbura, kuma kusan ɗaya cikin biyar na fama da matsalar fitsari mai damunsa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: yawan tashi fitsari cikin dare, jinkiri kafin ya fito, fitowa a raunane ko a yanyanke, ɗiga bayan an gama, da jin kamar mafitsara ba ta juye duka ba. Wannan kumburi ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama daji. Sai dai dajin furostet, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, yakan zo da alamomi irin waɗannan, haka ma toshewar hanyar fitsari da tsohon ciwon sanyi kan bari. Likita ne kawai zai bambance, ta hanyar dubawa da yatsa, da gwajin jini na PSA, da hoton ciki.

Idan aka zo da wuri, sau da yawa ba a ma kai ga tiyata. Akwai ƙwayoyi irin su tamsulosin da ke sassauta hanyar cikin 'yan kwanaki, da finasteride da ke rage girman tsokar a hankali cikin kamar wata shida. Idan aka yi sakaci kuwa, wata rana fitsarin zai tsaya cak, mara ta kumbura, sai an zura roba. Robar kuma tilas a riƙa canza ta duk bayan 'yan makonni, tana jawo ƙwayoyin cuta, ga tsakuwa da kan taru a mafitsara, ga fitsarin da ke komawa baya ya lalata ƙoda. A nan ne ake maganar aiki: ko dai a bi ta hanyar fitsarin da na'ura a kankare tsokar ba tare da an tsaga ciki ba, wanda ake kira TURP, ko kuma a tsaga mara a cire idan ta yi girma ƙwarai.

To me ke hana dattawanmu zuwa da wuri? Na farko kunya. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya yana ganin zubar da girma ne ya gaya wa ɗansa, balle wata yarinya ma'aikaciyar jinya, cewa fitsari na ba shi wahala. Na biyu tsoro, domin an yaɗa cewa duk wanda aka yi wa wannan aiki ya yi sallama da iyali. Gaskiyar magana ita ce akasarin waɗanda aka yi wa aikin suna ci gaba da mu'amala da iyalinsu, abin da ya fi faruwa shi ne maniyyi ya riƙa komawa cikin mafitsara, wanda kan shafi haihuwa, kuma wannan magana ce da ya kamata majinyaci ya yi da likitansa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Na uku kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu tallar magani a tashoshin mota da kasuwanni suna sayar da kwalba ɗaya da suka ce tana maganin basir da sanyi da furostet da raunin maza gaba ɗaya. A nan dole mu ma mu amsa laifinmu, domin da yawan wannan talla ta bakin rediyo take fita. Dokar ƙasa ta ce ba a tallar magani sai da izinin hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA, amma sau nawa muke neman ganin takardar izinin kafin mu karɓi kuɗin talla? Dattijon Ejura ya shekara biyu yana shan irin waɗannan kwalabe, kuma kuɗin da ya zuba a kansu da ya isa ya kai shi gaban likita sau da dama.

Sai batun inshora. Idan mai karatu bai manta ba, kafin 2003 tsarin da ake bi a asibitocin Ghana shi ne wanda ake kira kash-an-kari, wato ba kuɗi ba magani. A shekarar 2003 gwamnatin Shugaba John Agyekum Kufuor ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da doka mai lamba 650, wadda aka maye gurbinta da mai lamba 852 a 2012. Kuɗin shirin yana fitowa ne daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayayyaki, da wani kashi 2.5 daga gudummawar ma'aikata ta SSNIT. Ma'ana, duk ɗan kasuwar da ya sayi kaya, da manomin da ya sayi batir ko takalmin roba, suna zuba kuɗi a wannan asusu, sun sani ko ba su sani ba. An yafe kuɗin shekara ga yara 'yan ƙasa da 18, da masu juna biyu, da matalautan da aka tantance, da tsofaffin da suka kai 70. Manomi mai shekara 66 bai shiga wannan rukuni ba, shi zai biya da kansa, ko da yake kuɗin bai kai na motar Ejura zuwa Kumasi da dawowa ba. Tun Disamban 2018 kuma ana iya sabunta kati daga kan wayar hannu ta lambar *929#. Abin lura shi ne, wanda ya yi sabuwar rajista, ko ya bar katinsa ya mutu fiye da wata uku, sai ya jira wata guda kafin katin ya fara aiki. Fitsarin da ya tsaya kuwa ba ya jiran ko kwana ɗaya.

A rubuce, tiyatar kumburin furostet wanda ba na daji ba ba ta cikin jerin abubuwan da inshorar ta ce ba ruwanta da su. To me ya sa har yanzu ake bara? Amsar tana cikin takardun da yaron nan ya baje mana a tebur. Likitocin mafitsara 'yan kaɗan ne, kuma akasarinsu suna manyan asibitoci irin su Korle Bu a Accra, da Komfo Anokye da mutanen Kumasi ke kira Gee, da asibitin koyarwa na Tamale. Kafin manomi ya kai gare su sai ya bi ta ƙaramin asibiti ya karɓi takardar turawa. Daga nan sai zirga-zirga: yau gwaji, wani mako sakamako, wani wata ganin likita, sannan jiran layin tiyata. Kowace tafiya kuɗin mota ce ta mutum biyu, da abinci, da wurin kwana. Ga gwaje-gwajen da akan ce a je waje a yi, ga maganin da akan ce babu a kantin asibiti, ga jinin da ake buƙatar dangi su kawo masu bayarwa, ga kuma kuɗin ƙari da wasu asibitoci ke karɓa daga masu kati. Hukumar inshorar, NHIA, ta sha faɗa cewa wannan ƙari haramun ne, asibitoci kuma sun sha kukan cewa ana jinkirta biyansu, kuma farashin da aka yanke masu ya gaza na kasuwa. A tsakanin giwayen nan biyu, manomi ne ciyawar da ake tattakewa.

Shi kuma manomin ba albashi gare shi ba, asusunsa rumbunsa ne, kuma shekarun nan ba su yi wa rumbu daɗi ba. A Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54 cikin ɗari, taki da maganin feshi da kuɗin tarakta suka yi tashin gwauron zabo. A Yuli da Agustan 2024 ruwa ya ɗauke a arewaci da tsakiyar ƙasar, gonaki suka ƙone, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa ƙetare, matakin da ku 'yan kasuwar Paga da Bawku da Hamile kuka fi kowa jin zafinsa. A 2025 kuma sai aka samu akasin haka, hatsi ya yi yawa, farashi ya faɗi, manoma suna kukan rashin mai saye. Shekara guda ba amfani, shekara guda ba kasuwa. Mutumin da ke cikin wannan hali idan ciwo ya kama shi, wurin mai sayen masararsa yake zuwa ya karɓi kuɗi a kan zai biya da buhuna idan kaka ta yi, a farashin da mai kuɗin ya yanke. Ba mu ce kowa ba, amma akwai waɗanda kan jefa Sidi 20 a farantin masallaci ranar Juma'a, alhali ribar da suka ci a kan bashin majinyacin ta ninka haka sau ɗari. Wannan ma abin dubawa ne tsakanin mutum da Ubangijinsa.

Me ya sa muke fuskantar 'yan kasuwa da wannan magana? Saboda manomin nan ba baƙo ba ne a gare ku. Masarar Ejura da Techiman, da doyar Atebubu, da albasar Galmi da ake saukewa a Kumasi, duk daga hannun dattawa irinsa suke fitowa. Idan ya kwanta, buhunan da kuke jira su ma sun kwanta, 'ya'yansa kuma su bar gona su taho birni dako. Ban da haka, direban da ke kwana a kan hanyar Kumasi zuwa Paga, da Alhajin da ke zaune a rumfa ya haura hamsin, duk suna ɗauke da wannan tsoka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma ba sabon abu muke nema ba. Zangon Kumasi a kan tsarin maigida aka gina shi: fatake su zo da shanu da kanwa, su sauka a gidan maigida, ya ba su masauki, ya tsaya masu a ciniki, su koma da goro. Adashi, wanda a nan ake kira susu, kowace kasuwa tana da shi. Ko a kwanan baya mun ga abin da tsari ke iya yi, lokacin da Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ya ƙaddamar da gidauniyar gyaran asibitin Komfo Anokye a Nuwamban 2023, da burin tara Dala miliyan 10. Ba a jira rufi ya faɗo a kan majinyata ba kafin a fara neman kuɗin.

Don haka muke ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na hatsi da na albasa da na shanu da na direbobi, waɗannan shawarwari. Da farko kowace ƙungiya ta ware asusun lafiya na dindindin, a riƙa zuba ɗan abu a kan kowace mota da aka sauke, da mutum uku masu sa hannu da littafin da ake karantawa a taron wata. Tun da aka soke harajin E-Levy a Afrilun 2025, tura gudummawa ta waya daga kan iyaka ba ta da wannan cikas ɗin. Na biyu, aikin farko na asusun ya zama sabunta katin inshorar manoman da kuke hulɗa da su, a lokacin kaka, sa'ad da suka kawo kaya. Duk wanda ya haura 50 a tambaye shi katinsa kamar yadda ake tambayar lafiyar iyali. Dokar 2012 ta shafi duk mazaunin Ghana ne, don haka 'yan'uwanmu da suka zo daga Nijar ko Nijeriya ko Burkina Faso suka zauna da takardunsu, su ma su je ofishin inshora su nemi rajista.

Na uku, idan an kawo takardar neman taimako, a tura mutum biyu su ga majinyacin da likitansa, a nemi lissafi a rubuce, a san wanne inshora ta ɗauka wanne ya rage. A biya kuɗi kai tsaye a asibiti a karɓi rasit, kada a danƙa wa kowa a hannu. Wannan zai rufe bakin masu yawo da takardun bogi, waɗanda suka sa jama'a suka fara ɗari-ɗari da masu gaskiya. A kuma tuna cewa manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin jama'a da ke duba halin marasa galihu, kuma idan an nemi ƙari a kan abin da kati ya ɗauka, akwai ofishin NHIA na gunduma da za a kai ƙara. Na huɗu, ba kuɗi ne kawai taimako ba. Ɗaki guda a Aboabo ko Yalwa da ɗan jinya zai kwana, da kwanon tuwo safe da yamma, da matasa huɗu da za su ba da jini, sun rage kaso mai tsoka na lissafin. Na biyar, idan gwaji ya nuna daji ne, a bincika asusun Ghana Medical Trust Fund, wanda ake kira MahamaCares, da aka kafa a 2025 domin cututtuka masu cin kuɗi irin su daji da ƙoda da zuciya.

Malamanmu ma suna da rawar takawa. Majinyacin da bashi ya yi wa katutu yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma akwai asusun Zakka da Sadaka na Ghana da 'yan majalisa Musulmi suka assasa a 2010. A Sakkwato hukumar zakka da waƙafi ta daɗe tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, abin da za mu iya koyi da shi a matakin unguwa. Huɗuba ɗaya da za ta gaya wa dattawa cewa zuwa asibiti kan matsalar fitsari ba abin kunya ba ne, kuma mai ɗauke da roba yana da sauƙin da shari'a ta yi wa mai uzuri a sallarsa, za ta fitar da mutane da yawa daga ɗaka.

Wannan ba ya nufin mun sauke wa gwamnati nauyinta. Maƙwabta ma suna laluben mafita: Nijeriya ta yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022, Nijar kuma ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi daga Satumban 2024. Ghana ta riga su nisa a wannan fage, kuma a kasafin 2025 an cire ƙaidin da ke hana asusun inshora samun cikakken harajinsa. Abin da ya rage shi ne a ga tasirin haka a gadon majinyaci: a biya asibitoci a kan kari, a daidaita farashi da na kasuwa, a hukunta masu karɓar ƙari, a kuma riƙa tura likitocin mafitsara zuwa asibitocin gundumomi lokaci-lokaci domin a yi aikin kusa da gida. Asusun raya Zango da aka kafa da dokar 2017 shi ma ya dace ya sa gwajin lafiyar dattawa cikin ayyukansa. Wakilanmu a majalisa, musamman na Asawase, muna jiran jin muryarsu a kan wannan.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin ba za mu daina karanta sanarwar neman taimako ba, domin wanda ke kwance yau ba zai jira a gyara tsari ba. Amma duk wanda ya kawo mana talla ta maganin fitsari sai ya nuna takardar izini, kuma duk sanarwar da muka karanta za mu biyo ta da tambaya ga mai saurare: yaushe rabon da ka duba katin mahaifinka, kuma sau nawa yake tashi cikin dare? Kai ɗan kasuwa da ke karanta wannan shafi a rumfarka, idan manominka ya kawo kaya a kakar nan, bayan an gama awo da lissafi, ka ja shi gefe ka yi masa wannan tambaya cikin mutunci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu taimako da alheri, amin.